Labarin ƙwaƙwalwa, a tambayi jini?

Ranar da muka kai ɗan ƙanwata asibiti yana da shekara uku da wata huɗu, kuma bai taɓa haɗa kalma biyu ba. Tun bayan sallar asuba muka baro Tudun Wada don mu kama layi, amma ba mu shiga wajen likita ba sai da aka kira azahar. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ko abin awon ƙirji ba ta taɓa ba da farko. Sai ta jawo aljihun tebur ta ɗauko 'yar motar roba ta ajiye masa. Bai tura ta ba yadda yara ke yi. Kifa ta ya yi, ya sa yatsa yana juya taya guda, ya kawo ta dab da idonsa yana kallo, ya sake juyawa. Ta kira sunansa sau uku, ko gezau. Da ta murza ledar biskit a bayansa kuwa, nan take ya waiwayo. Daga nan sai tambayoyi, kusan minti 40: Yana nuna abu da yatsa? Idan ya ga jirgi a sama yakan jawo ki ki gani? Me yake ci, me yake ƙi? Yaya barcinsa? A ƙarshe ta ce alamun sun fi kama da otizim, abin da gidajen rediyo ke kira galahanga, ta rubuta mana takarda mu je a auna jinsa tukuna mu dawo.

Muna fitowa ƙanwata ta tsaya a baranda, ta gyara goyon ƙaninsa, ta ce, "Yaya, shi ke nan? Ko jini fa ba ta ɗiba ba."

Ban ga laifinta ba. Mu nan awo shi ne shaida. Zazzaɓi a ɗebi jini, taifot a ɗebi jini, aure ma yanzu sai an kawo takardar jinotayif. Likitan da ya sallame ka bai tura ka lab ba, a idon mutane canka ya yi. To ga lalurar da za ta bi yaro har girmansa, an yanke hukuncinta da motar roba da hira. Shi ya sa duk ranar da aka ji cewa wasu masana sun haska ɗigon jini sun gane yaro mai galahanga, kafin la'asar zancen ya zaga wayoyin iyaye. Akwai gaskiya a labarin. Sai dai ba ta kai girman da ake ba ta ba, kuma idan ta iso Kaduna za ta tarar da ƙulle-ƙullen da masu binciken can ba su ci karo da su ba.

Lalurorin da ake magana a kai su ne masu shafar yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa: otizim, da ADHD, wato rawar kai da kasa tsayar da hankali wuri guda wanda ya wuce ƙiriniyar yara da aka saba, da jinkirin fahimta, da matsalar magana ko karatu. A bakin mutane duk tukunya ɗaya aka zuba su. Wannan ɗan ruwa ne, wancan iska ta taɓa shi, wancan taƙadari ne da bai sha bulala ba. Ita kanta kalmar galahanga ana kiran otizim da ita, ana kiran lalurar Down da ita, alhali ta Down ana ganinta ƙarara a ƙwayoyin halitta, ƙarin kromozom ne na 21, wato ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado. Otizim ba shi da irin wannan hatimi. Tun da likita Leo Kanner ya bayyana yara 11 a Baltimore ta Amurka a 1943, har gobe da hali ake gane shi: yadda yaro ke mu'amala, yadda yake isar da abin da ke ransa, da abin da yake maimaitawa ba gajiya. Babu wani gwajin jini da hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yanke hukuncin otizim ko ADHD da shi. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta yaro 1 cikin 100 na da otizim. A Amurka, inda ake ƙirga sosai, alƙaluman da aka fitar a 2025 sun ce 1 cikin 31 ne a tsakanin 'yan shekara 8. ADHD kuwa wajen 5 cikin 100.

Gane lalura da hali yana buƙatar ƙwararre da lokaci, biyun kuma duk tsada gare su a nan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa a yatsa ake ƙirga su. Mu na Kaduna ma da sauƙi, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, ga asibitin Barau Dikko, ga na Shika a Zariya. Wanda yake Ikara ko Kauru sai ya sayar da buhu kafin ya zo.

Akwai kuma abin da na lura da shi a ɗakin likitar nan wanda ba na jin an rubuta shi a littattafansu. Takardar tantancewa da aka fi amfani da ita a duniya, M-CHAT, tambayoyi 20 ce da ake yi wa iyayen yaro mai wata 16 zuwa 30. Cikinsu akwai: yana amsawa idan kin kira sunansa? Yana kallon idonki? Yaron nan ɗan fari ne. Ƙanwata ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta zama ta yi masa wasa a gaban mutane, alkunya ta hana. Da aka yi mata tambayar sai ta sunkuyar da kai, ni ne na amsa, kuma da kakarsa aka zo da ita da ta fi mu duka sani. Kallon ido kuwa, mu da muke tsawata wa yaro idan ya ƙura wa babba ido, yaron da ba ya kallon mutane yabo yake sha, a ce mai kunya ne. Ma'aunin da aka ƙera a wata al'ada yana iya zamewa a wata. Saboda haka wanda yake fatan a samu awon da bai san alkunya ba, bai san Hausa ko Turanci ba, fatansa na hankali ne.

To yaya haske ke karanta jini? Duk wanda ya ga bakan gizo ya ga tushen abin: farin haske launuka ne a haɗe. A 1800 William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku a Ingila, yana auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin zafinsa a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin. Shi ne infared, hasken ƙasan ja. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin kowane sinadari a haɗe suke da juna kamar da tsirkiya, kuma kowace tsirkiya da irin kaɗawarta. Wanda ya taɓa zama a gidan biki ya sani, idan aka buga babbar ganga wani kwano a kan kanta sai ya riƙa ɓari shi kaɗai, na kusa da shi shiru, don sautin ya yi daidai da nasa ne. Haka hasken infared ke yi wa sinadarai. Kowanne ya shanye zangon da ya yi daidai da kaɗawarsa ya bar saura ya wuce. Idan ka san wane zango ne ya ɓace, ka san wa ke cikin ɗakin.

Aikin a ɗakin gwaji ba shi da wani kwarjini. A ɗebi jini, a sa a injin da ke juya shi da gudu har jajayen ƙwayoyin su kwanta, ruwan jinin mai ruwan ɗorawa ya taso. A ɗauki ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba a ɗora a kan wani ɗan lu'ulu'u da ke saman na'urar, wadda ake kira FTIR, girmanta bai wuce na firinta ba. Sai a jira ya bushe, domin ruwa mayen infared ne, idan da danshi zai rufe komai. Cikin 'yan mintuna allon kwamfuta zai zana layi mai tudu da kwari. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, wanda ya tashi daga 4000 zuwa 400, babban tudun da ke wajen 1650 da ƙanensa na wajen 1540 na furotin ne. Na 1740 da tagwayen da ke 2850 da 2920 na kitse ne. Can ƙasa, tsakanin 1000 da 1200, sukari da danginsa. Yankin 1800 zuwa 900 shi ake yi wa laƙabi da zanen yatsa. Ba a zuba wani sinadari mai tsada, ba a jira kwana uku. Akwai kuma 'yar'uwar wannan hanya, wadda C. V. Raman ya gano a Kolkata ta Indiya ranar 28 ga Fabrairu 1928, ta ba shi kyautar Nobel a 1930: a nan leza ake harbawa, a kama ɗan ƙalilan ɗin hasken da ya dawo da sauyin launi.

Kada a ɗauka abin sabo ne a wurinmu. Ɗan matsen nan da nas ke maƙala wa a yatsa, wanda ya yi tashe lokacin korona, aikinsa ke nan: yana tura jan haske da infared ta cikin yatsa, ya auna yadda jinin da ya ɗauki iskar oksijin da wanda bai ɗauka ba suke shanye su daban. Zan dawo kansa, don yana da darasi.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin tambayar da ake yi wa hasken. Akwai tambaya ƙwaya ɗaya: da dalma a jinin nan, nawa ce? Wannan amsarta lamba ce, kuma kowa zai iya sake aunawa ya tabbatar. Akwai kuma tambaya ta biyu: zanen jinin yaron nan ya fi kama da na wane rukuni? Binciken otizim da ADHD duk a ta biyun yake, domin babu wani tudu a layin nan da za ka nuna ka ce ga otizim. Idan ka jera zanen yaro mai lalurar da na marar ita, ido ba zai raba su ba. Sai a ba kwamfuta zane da yawa, a ce mata waɗannan na masu lalura ne, waɗancan na lafiyayyu, ta nemo 'yan bambance-bambancen da kanta. Kamar tsohon dillalin shanu ne da zai dubi sa ya gaya maka daga wane daji ya fito, amma ka ce ya nuna maka abin da ya gani sai ya yi murmushi.

An gwada, kuma an samu sakamako mai ɗaukar ido. Wajajen 2020 da 2021 masana daga Istanbul ta Turkiyya tare da Jami'ar Coimbra ta Fotugal sun wallafa aikin da suka yi da FTIR a kan ruwan jinin yara masu otizim, sannan masu ADHD, kwamfutar ta raba rukunan kusan ba kuskure. Sun yi adalci a sunan da suka ba abin, mataimaki suka kira shi, ba alƙali ba. Yaran kuwa gommai ne, ba dubbai ba. A Jami'ar Warwick ta Ingila, a 2018, an duba lalacewar furotin a jini da fitsarin yara 38 masu otizim da 31 marasa shi daga Bologna ta Italiya. A 2017 rukunin Juergen Hahn a Amurka ya yi amfani da sinadarai 24 na jinin yara 83 masu otizim da 76 marasa shi, lissafinsu ya gano kusan kashi 98 cikin 100 na masu lalurar. Shekara guda bayan nan da aka gwada irin hanyar a kan wasu yara daban, sai ta sauko zuwa 88. Wannan saukowar ita ce al'adar fannin. Ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara yakan ci ɗari bisa ɗari idan aka maimaita masa ta bara.

Babban aikin da aka yi da yara da yawa, wajen 1,100 a cibiyoyi 8 na Amurka, ya fi kowanne faɗin gaskiya. Rahoton farko a 2018 ya samu wata hargitsewa a sinadaran da jiki ke gina furotin da su, amma a kashi 17 cikin 100 na yara masu otizim kawai. Daga baya da suka haɗa alamomi da yawa suka kai wajen rabi. Tun 1961 ma aka san wasu masu otizim suna da yawan sinadarin serotonin a jini, wajen ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, shekara 60 da ɗoriya ke nan bai zama gwaji ba. Dalili a fili yake. Otizim suna ɗaya ne da aka ba hanyoyi masu yawa da suka ɓulla wuri guda. Gado yana da babban hannu a ciki, wani bincike a ƙasashe 5 a 2019 ya ƙiyasta wajen kashi 80, amma ƙwayoyin halittar da ke da hannu sun haura ɗari. Wani yaron bai taɓa magana ba, wani yana jami'a yana karanta lissafi. Neman zanen jini ɗaya da zai rufe su duka kamar neman hula ɗaya ce ga duk kawunan Kasuwar Barci. Ga shi kuma ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, mai tace abin da ke shiga da fita, don haka abin da ke isowa jijiyar hannu amsa-kuwwa ce daga nesa.

Sai tambayar da ta fi damuna: me kwamfutar ta gani? Ɗan ƙanwata a lokacin abu uku yake ci, taliya fara, biredi, da shayi. Nama, miya, ganye, ko a baki. Yara masu otizim da yawa haka suke. Jinin yaron da ya shekara yana cin taliya fara dole ya bambanta da na mai cin tuwo da miyar kuka, ko da ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce. Wasu kuma suna shan maganin farfaɗiya ko na barci, wasu ba sa barcin kirki. Idan an ɗebi jinin masu lalura da safe a asibiti kafin karin kumallo, na lafiyayyu kuma da rana a makaranta, abin da kwamfuta za ta koya shi ne koko da ƙosai. Har tsawon lokacin da jinin ya yi a firji, da irin kwalbar da aka zuba shi, duk suna barin sawu a zanen. Sannan yawancin binciken suna kwatanta mai otizim ne da yaro lafiyayye garau, alhali likita ba wannan ce matsalarsa ba. Yaran da ke kan bencinsa duk da abin da ya kawo su. Abin da yake son rabawa shi ne mai otizim da kurma, da mai jinkirin magana kawai, da wanda sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai ya bar wa tabo.

Yanzu a ɗauko wannan kwamfutar da ta yi karatunta a Istanbul a kawo ta Rigasa a watan Satumba. Yaro nawa ne a layin ba shi da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsa, ko bai warke daga shi makon jiya ba? Masana a cibiyar Ifakara ta Tanzaniya sun nuna a 2019 cewa hasken infared yana iya gano wannan zazzaɓin a busasshen ɗigon jini. Albishir ne ga masu yaƙi da sauro, amma ga mai neman otizim gargaɗi ne: amon zazzaɓin yana da ƙarfi a zanen. Ƙara da sikila, a ƙasar da ake haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayarta. Ƙara da tamowa, da ƙarancin jini, da tsutsar ciki, da jiƙe-jiƙen da uwa ba za ta faɗa wa likita ta ba shi ba. Raɗa ake son ji a tsakiyar tashar Kawo.

A nan ne darasin ɗan matsen yatsa ya shigo. An shekara kusan 40 ana amfani da shi a asibitocin duniya, sai a ƙarshen 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka nuna cewa yana kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda yake kasawa a fararen fata. Na'urar da ke auna abu ɗaya da launi biyu ke nan, ta yi wannan tuntuɓen saboda waɗanda aka daidaita ta da su yawanci farare ne. Ina ga wadda ke auna ɗaruruwan zango tana neman abin da ita kanta ba ta san sunansa ba?

Ko da an ce gwajin ya yi kyau, akwai lissafin da masu talla ba sa so a yi. A ɗauka, don misali kawai, gwaji yana cin 90 cikin 100 ta kowane ɓangare. A tara yara 10,000 daga makarantun Kaduna, 100 cikinsu na da otizim. Zai kama 90 daga cikin ɗarin, madalla. Amma cikin sauran 9,900 zai yi kuskure a kan ɗaya cikin goma, wato 990. Iyaye 1,080 za su koma gida da takarda mai jan tambari, kuma a duk 12 ɗaya ne kawai abin ya tabbata a kansa. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da takardar nan za ta iya yi. Dangin miji su ce daga tsatsonta ne. Kishiya ta samu abin gori. A cire yaro daga makaranta. Shekara ashirin gaba a fasa auren ƙanwarsa. Sannan duk dubun nan sai sun dawo layin likitan da dama ya yi kaɗan. Idan kuwa a cikin yaran da aka riga aka kawo asibiti da damuwa aka yi gwajin, inda wataƙila ɗaya cikin uku ke da lalurar, lissafin yana canzawa sosai. A nan ne kawai nake ganin gurbinsa nan gaba: taimaka wa likita ya san wa zai fara gani.

Ba zan yi mamaki ba idan wata rana na ga allo a bakin titi an rubuta "gwajin galahanga da kwamfuta, minti biyar". Mun riga mun ga masu jakar na'urar nan da za ka riƙe ƙarfe a hannu ta lissafo maka cuta goma sha biyu, sannan su sayar maka da maganin. Ba mu kaɗai ake yi wa ba. A Amurka kamfanin Theranos ya kwashi ɗaruruwan miliyoyin dala da alƙawarin gwaje-gwaje barkatai daga ɗigon jini guda, aka ƙare da kotu ta samu mai shi, Elizabeth Holmes, da laifin zamba a 2022.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, yayin da muke hangen tambaya ta biyu, ta farkon da aka daɗe da warware ta muna barinta a ƙasa. Akwai abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro waɗanda jini ke faɗa ba ɓoye-ɓoye, kuma ana iya tare su. A 1934 wata uwa a Oslo ta Norwe ta kai wa likita Asbjørn Følling 'ya'yanta biyu masu jinkirin fahimta, ta nace cewa fitsarinsu na da wani wari. Ya ɗiga masa sinadari, ya koma kore. Haka aka gano PKU, lalurar da jiki ke kasa sarrafa wani ɓangare na furotin har ya zama guba ga ƙwaƙwalwa. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie ya ƙirƙiro gwajin tsira diddigen jariri a ɗiga jini a takarda. Jaririn da aka gano da wuri aka sauya masa abinci yakan tashi da hankalinsa cif. Daga shekarun 1990 na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadarai ta sa ɗigon nan ɗaya yana tona lalurori gommai. A wannan takardar dai ake gano jaririn da aka haifa da raunin halittar maƙoshi da ake kira tayirod, wajen 1 cikin 2,000 zuwa 4,000, wanda ƙwayar magani mai arha kullum ke hana shi nakasar fahimta ta har abada. A ƙasashe da yawa kowane jariri ana yi masa. Mu nan galibi sai mai hali da sani.

Gubar dalma kuwa ba sai an ba mu labari ba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake a Rafi ta jihar Neja, yara 28. Waɗanda suka tsira da yawa sun tsira ne da tabo a ƙwaƙwalwa. Birnin Gwari tamu, inda ake haƙar zinare, da jihohin nan biyu take iyaka. Dalma ko kaɗan ce tana rage fahimta, tana kawo rawar kai da rashin natsuwa irin wanda malamin aji zai kira taurin kai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da za a kira marar illa. Ba sai an je ramin zinare ba. A 2011 aka samu wani jariri a Boston ta Amurka da dalma a jini, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da iyayensa suka kawo daga Najeriya ne, kusan kashi 83 cikin ɗarinsa dalma ce. Jarirai nawa ake ranbaɗa wa kwalli tun ranar haihuwa a garin nan? Auna dalma a jini da haske tsohon aiki ne tabbatacce, tun 1955 Alan Walsh ya fito da hanyar a Ostireliya.

Sai ciwon shawara, wato rawayar ido da fata da ke kama jarirai. Takan taso ne a kwana na uku zuwa na biyar, daidai lokacin da mai jego ke ƙunshe a ɗaki mai duhu, ana jiran suna, ba wanda ya fito da jaririn fili ya dubi idonsa. Idan sinadarin da ke sa rawayar ya yi yawa ya haura ƙwaƙwalwa, abin da ke biyo baya shi ne yaron da wuyansa ba ya tsayawa, jikinsa na murɗewa, sau da yawa kuma ba ya ji. Shi ne za a kira ɗan ruwa. Kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jariri yana ƙara tsananta ta ga yaran da jininsu ke da wani raunin gado da ya yawaita a wurinmu. Akwai 'yar na'urar hannu da ake dannawa a goshin jariri, ta harba haske ta ba da lamba nan take, maganin ma shuɗin haske ne. Da ace kowace ƙaramar asibiti a jihar nan tana da ita da fitilar da ke aiki, yaran da za a tsamo sun fi duk abin da gwajin otizim na infared zai yi mana cikin shekara goma.

Ba ina cewa a bar binciken ba ne. Na'urar FTIR ba baƙuwa ba ce a jihar nan. Ɗaliban kimiyya sun daɗe suna kai samfurin saiwoyi da ganyaye ɗakunan gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Zariya ana zana musu irin wannan layin. Abin da ya rage shi ne likitan yara da na ƙwaƙwalwa da masanin sinadarai su zauna tebur ɗaya. Idan za a yi, a ɗebi jinin kowane yaro da aka kawo da jinkirin magana kafin a san hukuncinsa, lokaci ɗaya na yini, kwalba iri ɗaya. A rubuta jinotayif ɗinsa, da gwajin zazzaɓi, da abin da ya ci, da abin da aka jiƙa masa. A yi da damina a yi da rani. A koyar da kwamfutar da jinin yaran Kaduna, a yi mata jarrabawa da na yaran Zariya da Kafanchan waɗanda ba ta taɓa gani ba. A kuma yi wa iyaye bayani da Hausa ko yarensu cewa bincike ne, ba za a ba su takardar sakamako ba. In ta faɗi jarrabawar ma a wallafa.

Shi ɗan ƙanwata, a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna aka auna jinsa, lafiya lau. Da muka koma, likitar ta sa aka ɗebi jinin da uwarsa ke so, amma ta ce mata, "Maman yaro, wannan ba na galahanga ba ne, so nake in ga abin da taliyar nan ta yi masa." Aka samu ƙarancin jini, aka ba shi maganin ƙarin jini na wata uku. Otizim ɗin yana nan inda yake. Mai koyar da magana sau biyu a wata suke samunta, sauran aikin a tsakar gida ake yi, kakarsa ce malamar: ta riƙe kofin shayinsa a kusa da fuskarta, ba za ta miƙa ba sai ya ɗago ya dube ta. Yanzu shekararsa biyar. Yana cewa "ba ni", yana cewa "Inna", kuma ya yarda da wake idan an murje shi cikin taliyar.